Watan Tarihin Baƙar Fata: Ambaton Bilal Kaɗai Bai Wadatar Ba

A duk watan Fabrairu jami'o'in Amurka kan cika da laccoci da tarukan tunawa da tarihin baƙar fata. Masanin tarihi Carter G. Woodson ne ya assasa abin a 1926, yana mako guda. A 1970 ɗalibai da malamai baƙar fata na Jami'ar Kent State suka mai da shi wata, Shugaba Gerald Ford kuma ya amince da shi a hukumance a 1976. Ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi, waɗanda 'ya'yanmu masu karatu a can suke ciki, su ma sukan shirya nasu zaman. Sai dai sau da yawa zaman ba ya wuce ƙissar Sayyidina Bilal, Allah Ya ƙara masa yarda. A ce Musulunci ya rushe wariyar launi, a yi kabbara, a watse.

Maganar gaskiya ce, amma nassi ne ya rushe ta, ba kowace zuciya ce ta bi ba. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta sanya taƙawa ma'aunin fifiko. Duk da haka Bukhari ya ruwaito cewa Abu Zarr ya goranta wa wani mutum da mahaifiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya shaida masa cewa da sauran halin jahiliyya a tare da shi. In sahabi ya buƙaci wannan tsawatarwa, ina ga ɗalibin da a gidansu har yau ake kiran baƙin mutum “bawa”? Kusan kashi ɗaya cikin biyar na Musulmin Amurka baƙar fata ne, kuma da yawansu na kokawa cewa ana haɗa sahu da su a masallaci, amma da zancen aure ko shugabanci ya taso sai fuska ta sauya. Wannan shi ne abin tattaunawa, shi ne kuma ake gudu.

Tarihin ma namu ne. Umar bin Sa'id, almajiri daga Futa Toro, an sayar da shi a Charleston a 1807, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831, ya buɗe shi da Suratul Mulk. Bawa a hannun mutane, yana tuna wa mai karatu Wanda mulki yake hannunSa! Ya rasu cikin bauta, rubutun nasa kuwa yana ajiye a ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka.

Amma kada mu tsaya ga laifin Turawa. A 1615 mutanen Tuwat, a cikin Sahara, suka karɓi amsar tambayar da suka aika wa Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu game da bayin da ake kai musu daga ƙasashen baƙar fata. A littafinsa Mi'irajus Su'ud ya yanke cewa launi ba ya halatta bautar da mutum, ya ƙaryata tatsuniyar la'anar Hamu ɗan Annabi Nuhu, ya kuma jero Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi da ba a bautar da mutanensu. Ba don ana sayar da su a kasuwannin Musulmi ba, da fatawar ba ta taso ba. Mu ma a nan gida mun san gidajen da ake hana wa aure saboda an ce kakansu bawa ne.

Don haka muna kira ga 'ya'yanmu da ke waɗannan jami'o'i: in an ba ku damar magana a zaman bana, ku karanta wa jama'a hukuncin Ahmad Baba, sannan ku nemi a miƙa lasifika ga 'yan'uwanku Musulmi jikokin bayi su faɗi abin da suke gani a masallatai. Iyaye kuma ku tambaye su a waya me aka tattauna, da waɗanda aka bai wa damar magana.