Zumunci Kafin Lilo

A da, idan Bahaushe ya ce za shi Saudiyya, kowa ya san Makka da Madina ya nufa. Yanzu kuwa akwai magidantan da kan ɗauki iyalinsu daga Kano zuwa Riyad, babban birnin ƙasar, domin ziyarar 'yan'uwa ta mako ɗaya ko biyu.

Tun da aka fara bikin shaƙatawa na Riyadh Season a 2019, wuraren wasa sun yawaita a birnin. Boulevard World, wanda aka buɗe a 2022, yana da liluna da tafkin yawo a kwalekwale. Kai yara irin wannan wuri ba laifi ba ne, domin wasa haƙƙinsu ne.

Sai dai kwanakin baƙo ƙidayayyu ne. Idan kowane dare ya ƙare a layin hawa lilo, yaushe yaro zai zauna gaban kawunsa ya ji labarin dangi? Yaushe 'ya'yan masu masauki, waɗanda Larabci ya fi kama bakinsu, za su ji Hausa daga tsararrakinsu? Akwai lilo a Kano, amma kawu sai a Riyad.

Saboda haka ya kamata magidanci ya raba kwanakin. A ba wasa kwana biyu. A ware yini guda a kai yara fadar Masmak, wadda Sarki Abdul'aziz ya ƙwace a 1902, su ga tarihi. Sauran kwanakin kuma a zauna da dangi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar da ta ƙetare Bahar Maliya bai kamata ta tsaya a ƙofar wurin wasa ba.