Kafireta Biyu a Kan Tsohon Inji: Furojet ɗin da Ba a Saye a Kasuwa

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu 'yan ajin ƙarshe na sashen kanikanci, lokacin zaɓen furojet ya zo, kuma ina da shawarar da na san wasu za su yi wa dariya. A samo ƙaramin injin tsohuwar mota, irin na Volkswagen Beetle, a cire kafiretarsa guda ɗaya, a ɗaura masa biyu, a daidaita su har injin ya tsaya a sulo ba ya rawa.

Na san abin da za a ce: kafireta ai ta mutu. Gaskiya ne, tun farkon shekarun 1990 masu ƙera motoci a Turai da Amurka suka koma injekta, kwamfuta ce ke auna mai. To amma a ina ta mutu? Ni ɗan Safana ne. Duk mai shakka ya je kasuwar Batsari ranar Alhamis ya ƙirga baburan da ke shigowa da buhunan rogo da masara. Ya leƙa fadama ya ga injinan ban ruwa, ya dubi janareton mai cajin waya. Kusan dukkansu da kafireta suke numfashi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuwa, kafiretar da ke shan mai fiye da ƙima aljihun manomi take rarakewa kai tsaye.

Me ya sa biyu? Aikin kafireta shi ne haɗa iska da fetur. Iska na bi ta wani maƙogwaro mai ƙunci, gudunta ya ƙaru, matsinta ya ragu, sai ta janyo mai ta bakin jet. Haɗin da ke ƙonewa tas shi ne kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi. Injin Beetle, motar da aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, silinda huɗu gare shi a kwance, biyu dama biyu hagu, kafireta ɗaya a tsakiya. Haɗin sai ya yi doguwar tafiya cikin manifol kafin ya isa. Idan ka ba kowane ɓangare tasa kafiretar, hanya ta gajarta, numfashin injin ya ƙara sakewa.

Kada wani ya ɗauka ƙarfi kyauta ake samu. Dubi motar Mini ta Ingila. Ta 1959 tana da inji mai cc 848 da kafireta ɗaya samfurin SU, ƙarfin doki 34. Mini Cooper ta 1961 ta zo da SU biyu, ƙarfin doki 55. Amma an faɗaɗa injin zuwa cc 997, an kuma canza wasu kayan cikinsa. Ke nan kafireta ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Hasali ma, in ka ɗaura manyan kafireta a kan ƙaramin inji, gudun iskar zai ragu, ka taka totur injin ya riƙa shaƙewa, mai kuma ya tafi a banza. Wannan lissafin girman maƙogwaro da na jet shi ne ainihin darasin Venturi da muka haddace don jarrabawa.

Inda gumin yake shi ne daidaitawa. Sai inji ya yi zafi, ka kwance sandar da ta haɗa kafiretocin biyu, ka kara tiyo a kunne, ɗaya bakin a bakin kowace kafireta, kana sauraron hucin iska kana juya sukurun sulo har sautin ya zo ɗaya. Sannan ka mayar da sandar, ka tabbatar suna buɗewa a tare. Bayan gwaji ka ciro fulogai. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan, inji na iya yin zafin da zai lalata fistin. Kalar ƙasa-ƙasa ake nema a duka huɗun. Kuma kowace mahaɗar tiyon mai sai an duba ta, domin ɗigon fetur a kan inji mai zafi gobara ce.

Yanzu mu faɗa wa juna gaskiya. Dukkanmu mun san yadda ake haɗa kuɗi a kai wa mai walda ya ƙera abu, a shafa fenti, a kwafo babi biyar daga intanet. Wannan aikin ba ya karɓar haka. Ranar kare furojet malam zai iya juya sukuru ɗaya ya ce, “To bismilla, mayar da shi.” A nan za a san wanda ya taɓa sifana da wanda ya biya kuɗi kawai.

Maganar tsada fa? Tsofaffin injina da kafiretoci na hannu ana neman su a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, manifol kuma mu ƙera shi da kanmu a wokshof. Rukunin mutum biyar ko shida zai iya ɗauka. A auna man da injin ya sha a minti goma da kafireta ɗaya, a sake aunawa da biyu, a rubuta abin da aka gani ko da bai yi daɗi ba. Injin kuma ya zauna a sashen don 'yan baya.

Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai ta kai wannan magana gaban shugaban sashe, a kuma gayyato dattijon bakanike ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙware a kan Peugeot 504 tun ana harhaɗa ta a Kaduna, ya yi mana yini guda. Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya iya sa kafireta biyu su yi numfashi tare, injekta ba za ta ba shi tsoro ba, don iska da mai ɗin dai su ne. In ya koma gida da difloma kuma injin ban ruwan kawunsa ya ƙi tashi, ba zai tsaya yana sosa ƙeya ba.