Richard Wright da rabin littafin da ya jira shekara 32



An haifi Richard Wright a 1908 kusa da garin Natchez, a jihar Mississippi ta Amurka, zamanin da wariyar launin fata take doka. Da yake saurayi a Memphis, baƙar fata ba ya aron littafi a ɗakin karatun gari, sai ya riƙa zuwa da katin wani Bature abokin aikinsa, kamar ɗan aike. Da wannan karatun ya zama marubucin Native Son na 1940, labarin Bigger Thomas, matashi baƙar fata a Chicago.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne tarihin rayuwarsa, Black Boy, na 1945. Kashi biyu ya rubuta. Na farko ƙuruciyarsa ce a Kudu, da yunwa da tsoro. Na biyu zamansa ne a Chicago, inda ya tarar da talauci da wariya, ya shiga jam'iyyar Kwaminis, suka ɓata. Ƙungiyar Book-of-the-Month Club, mai tura littattafai ga dubban mambobinta, kashi na farko kawai ta so. Wright ya amince.

Littafin ya samu kasuwa sosai, amma ya ƙare a daidai lokacin da yaron ya kama hanyar Arewacin Amurka da kyakkyawan zato. Mai karatu sai ya ɗauka cutar ta Kudu ce kaɗai, alhali shaidar marubucin ta nuna har Arewa ta kai. Kashi na biyu bai fito a matsayin littafi ba sai 1977, da sunan American Hunger, shekara 17 bayan rasuwarsa a Paris.

Ba mu ga laifinsa ba, mai iyali ne da ke ci da alƙalami. Amma a ganinmu gyara daban, yanke ma'ana daban. Edita ya ce babi ya yi tsawo, mu saurara, mu rage. Idan mai ɗaukar nauyi ko masu biyan kuɗin karatu suka ce a cire wani sashe, mu fara tambayar kanmu: in an cire, saƙon yana nan? In ya sauya, mu yi ja-in-ja. In kuma dole ta sa muka yarda, mu adana cikakken rubutun, kamar yadda na Wright ya tsira har aka haɗe kashi biyun a 1991.

Allah Ya ƙara mana basira.