Mai Yashe Masai Ba Abin Raini Ba Ne

Maganar tamu ta yau mai wari ce, irin wadda in an ɗauko ta a tsakar gida sai kowa ta yamutsa fuska. To sai a yi haƙuri, a toshe hanci a buɗe kunne, domin in kunne ya ji jiki ya tsira.

Ke uwargida, tun asuba kina cikin ruwa. Ga wanke-wanke, ga wanki, ga wankan yara, ga fo ɗin jariri. Duk wannan ruwa ya bi rariya ya fita kwata, sauran kuma ya faɗa masai. Daga nan ina ya nufa? Ran da kwata ta toshe, ko masai ya cika ya fara tumbatsa, wa ake aikawa a kira? Wani bawan Allah ne zai zo da shebur da bokiti da baro. Shi zai tuɓe riga ya shiga inda ke ko leƙawa ba kya iyawa.

Amma dubi sakayyar da ake yi masa. In ya yi sallama, a ciki-ciki ake amsawa. In ya roƙi ruwan sha, sai a nemo fasasshen kofi, yana ajiyewa a yi jifa da shi. Yara su bi shi da waƙar tsokana, iyaye mata na bayan labule suna dariya. In 'yarsa ta isa aure sai a fara raɗa, wai ai 'yar mai kwasar kashi ce. Haba jama'a! Kashin na waye? Daga gidan wa ya fito? Wanda ya ɓata ya zauna fes yana fesa turare, wanda ya gyara shi ne ƙazami? Wallahi wannan ba adalci ba ne.

Kada ki ɗauka rainin nan a kansa yake tsayawa. Gidanki yake dawowa, bari ki ji ta inda yake biyowa. Saboda kunyar idon mutane, sai tsakar dare yake aikin. Saboda maigida ya matse shi a ciniki, kuɗin ba za su kai shi bayan gari ba, balle ya haƙa rami ya binne. Sai ya juye kayan a kwalbati mafi kusa, ko kangon wani, ko bakin rafi, ya yi gaba kafin gari ya waye. Babu mai tambayarsa ina ya kai, kowa burinsa a raba shi da wari. Ruwan sama na sauka sai ya kwashi abin nan ya bi da shi lungu-lungu, ya tsiyaya cikin rijiyar da ba ta da murfi, ya shiga kududdufin da yara ke wasa, ya isa inda mai ga-ruwa ke cika jarka. Washegari ki saya ki zuba a randa. Kin ga abin da kika kora ta rariya ya shigo ta ƙofa.

Mu a Birnin Gwari maganar ta fi matsa mu. Shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga sun koro jama'a daga ƙauyuka da yawa zuwa cikin gari. Gidan da aka gina wa mutum goma ya koma ɗaukar ninkin haka, masai kuwa ɗaya ne bai ƙaru ba. A ƙarshen shekarar 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu, motoci suka dawo hanyar Kaduna. Alhamdu lillahi. To amma kasuwa in ta cika, bayan gida ma cika yake yi. Wa ya yi wannan lissafin?

Wata za ta ce, ai ga daji nan Allah ya hore mana, a kai can a zubar. Sannu! Dajin Kamuku tun 1936 aka keɓe shi, a 1999 ya zama gandun daji na ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000. Amma daji ba shi da ciki da zai haɗiye ƙazanta ya riƙe. Abin da aka zubar a gindin bishiya da rani, damina ke saukar da shi rafi. Rafukan yankinmu Kogin Mariga suke gangarawa, shi kuma ya kai Kogin Kaduna. Duk tsawon hanyar nan akwai wata mace irinki tsugune da tulu, akwai makiyayi da shanunsa, akwai mai lambun da ke ba latas da tumatir ruwa. Malamai sun karantar da mu cewa addini ya hana yin bahaya a kan hanya, da inuwar da mutane ke hutawa, da wurin ɗibar ruwa. In na mutum ɗaya haramun ne, ina ga na gida guda cike da baro?

Cutar amai da gudawa, wato kwalara, ba iska ce ke kawo ta ba, ba kuma maita ba ce. Tun 1854 wani likita a birnin Landan mai suna John Snow ya bi diddigin mace-macen wata unguwa, ya gano famfo guda ne kowa ke sha, aka cire hannun famfon. Daga baya aka tarar ramin ƙazanta ne kusa da rijiyar yake tsiyaya a ciki. A nan Najeriya, a 1991 kwalara ta kashe mutum fiye da 7,000. A 2021 ta kama fiye da 100,000, ta kashe fiye da 3,000, akasarinsu a Arewa. Taifot da shan-inna da tsutsar ciki duk hanyarsu ɗaya, daga bayan gida zuwa baki. In yaro ya kwanta kuma wa ke kwana zaune? Ke ce.

Su ma masu aikin da nasu laifin, ba za a ɓoye ba. Wani ka ba shi safar hannu ya ce tana hana shi sauri. Wani ya ce ai Allah ke karewa, ya tsunduma ba takalmi ba takunkumi. Wani sai ya sha abin da zai gusar masa da hankali kafin ya iya shiga, alhali iskar da ke taruwa a cikin shadda tana iya sumar da ƙato nan take, har ta kashe. Wani ya gama ya ɗauraye hannu da ruwa zalla ya zauna cin tuwo da 'ya'yansa. Malam, tawakkali ba ganganci ba ne. Amma kafin mu zage shi, wa ya taɓa zaunar da shi ya koya masa? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Hukuma ma ba ta fita ba. Kakanninmu sun san duba-gari, wanda ke shiga gida ya leƙa randa da masai. A 1984 gwamnatin soja ta Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, har aka riƙa fitowa sharar ƙarshen wata. A 2019 aka sa hannu a dokar kawo ƙarshen bahaya a fili zuwa 2025, Jigawa kuma ta cika sharaɗin a 2022. Madalla da gina masai, to in ya cika fa? Ƙaramar hukuma da masarauta su ware fili nesa da ruwa inda za a riƙa binnewa, a yi wa masu aikin rajista, a ba su kayan kariya da rigakafi. Wanda ba a nuna masa inda zai zubar ba, da wane baki za a ci shi tara?

Naki aikin kuwa ba ya buƙatar jiran kowa. In za a haƙa masai, ki roƙi maigida ya nesanta shi da rijiya kamar mita 30, a kuma yi wa rijiyar baki da murfi. Ki daina tura leda da tsumma da famfas cikin masai ko kwata, su ke toshewa har sai mutum ya sa hannu. Kashin jariri ba ruwan nono ba ne kamar yadda ake faɗa, shi ma masai za a kai shi. In an kira mai yashewa, a tambaye shi ina zai kai, a biya shi kuɗin da za su kai shi can. Ki aika masa da sabulu da ruwa mai yawa, da abinci a kwano mai kyau. Yaron da ya tsokane shi, ki ja masa kunne a gabansa.

Ke kuma budurwa, gobe ke ce uwargida. Tsafta ba ta ƙare a jan baki da goge kwanon jere ba. Mai tsafta ta gaskiya ita ce wadda ta san inda ruwan gidanta ya kwana.

Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Allah ya kare mu da zuriyarmu, ya sa albarka a gumin masu wannan aiki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.