An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Batirin Babur Ba Shi Ne Mai Laifi Kullum Ba

Maƙalar wannan makon daga bakin garejin gyaran babur ta fito.

Yayana yana aikin dare a wani kamfani a Challawa. Cikin wata biyar ya sayi batir uku. Duk wanda aka saka masa sai ya yi 'yan makonni lafiya, daga nan hon ya shaƙe, sigina ta daina ƙiftawa, sitata ta ƙi amsawa. Ranar da na ukun ya mutu sai da ya tura babur a kan titin Panshekara da asuba. Da na aro mita na gwada, sai ga shi duk batiran nan ba su da laifin komai. Rektifaya ce ta lalace, ba ta mayar musu da wuta.

Ra'ayina shi ne: bai kamata a canza batir ba sai an auna. Mu masu babur da makanikanmu duk muna da hannu a wannan asara.

Duk wanda ya tsaya a Sharada, Challawa ko Bompai lokacin da ma'aikata ke canjin aiki ya san babur ne ƙafar lebura. Tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, mai tashi aiki da tsakar dare ya fi dogara da nasa abin hawan. Bayan cire tallafin man fetur a 2023 kuwa, kuɗin da ake zubarwa a kan gyaran lalube daga bakin cefane ake cire shi.

Batir randa ce, ba rijiya ba. Ajiye wuta yake yi, ba shi ke samar da ita ba. Kwayil ɗin da ke cikin inji shi ne rijiyar: idan inji na juyawa, maganaɗisu ya kewaya shi sai ya ba da wuta. Wannan wutar mai kai-da-komo ce, batir ba ya karɓar ta. Rektifaya ce ke miƙe ta, ta kuma tsare ta kada ta wuce kima. Wayoyi da fis su ne bututun. Idan rijiya ta ƙafe ko bututu ya toshe, ko randa nawa ka canza ƙishirwa tana nan.

Gwajin bai fi minti goma ba. Ka sa mita a kan batir babur na kashe: lafiyayyen batir mai cike zai nuna wajen bolt 12.6. Ka tayar, ka ɗan murza mai: ya kamata lamba ta hau tsakanin 13.5 da 14.5. Idan ta tsaya inda take ko ta sauka, caji ba ya zuwa, sai a duba fis, kawunan batir da suka yi tsatsa, soket ɗin rektifaya, da wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen babur, kafin a kai ga kwayil. Idan kuma ta haura 15, rektifaya ta saki wuta, tana dafa batirin ne. Alamarta ƙwan fitila ya riƙa ƙonewa, batir ya yi zafi ko ya kumbura. Idan duk lambobin sun yi daidai amma batir na kwana ya tashi babu wuta, a nemi ɓarawon cikin gida: cajar waya, sifika ko ƙarin fitilun da aka jona kai tsaye a kan batir, suna sha ko an zare makulli.

Abin da ke ɓoye matsalar shi ne yawancin ƙananan baburanmu suna tashi da kik ko batir ya mutu. Sai mutum ya ce ai tafiya ba ta tsaya ba, ya ci gaba da hawa. Shi kuwa batirin da ya daɗe a sauke ba ya komawa yadda yake, balle a zafin bazarar Kano. A ƙarshe ciwon rektifaya ya zama gawar batir.

Na san abin da makaniki zai ce, kuma yana da gaskiya. Wani da na yi wa wannan magana ya ce min: "Ɗan'uwa, in na ɓata lokaci ina aune-aune na ce maka waya ce ta saki, nawa za ka ba ni? Sannu kawai za ka ce." Haka ne. Mun saba ba ma biyan kuɗin sani, sai mun ga an ciro sabon abu daga kwali. Mu muka koya musu cewa canji ne ke kawo kuɗi, bincike kuwa kyauta ne.

Amma wannan ba hujja ba ce ta ƙyasta waya a jikin ƙarfe don ganin tartsatsi, ko cire kan batir inji na aiki wai a ga ko zai mutu. Tartsatsi ba ya gaya maka 12 ne ko 16, cire kan batir kuma yana iya ƙona rektifayar da take lafiya. Ƙaramar mita ba ta kai kuɗin sabon batir ba, kuma yaron gareji zai iya koyon karanta ta a wuni ɗaya.

Don haka roƙona biyu ne. Oga makaniki, a ajiye mita kusa da sifana, a nuna wa mai babur lambar da idonsa. Kai kuma mai babur, idan an auna an gano waya ce kawai, ka biya kuɗin ganowar da daɗin rai, don ya cece ka daga sayen batir. Duk wanda ya ce maka "batir ne" tun bai taɓa babur ɗin ba, ka tambaye shi: nawa yake nunawa idan inji na aiki?

Yayana dai an canza masa rektifaya, an yi wa batirin na uku caji, kuma shi ne a jikin babur ɗin har yau. Biyun farko sun tafi a banza.

Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, ya faɗa mana yadda ta ƙare. Allah Ya tsare mu a hanya.