Manhajar Waya Ba Ta Mayar Da Mutum Malamin Turanci

Manhajoji irin su Duolingo sun sauƙaƙa koyon harsuna. Da waya da ɗan data, matashi zai iya fara Turanci ko Faransanci daga ɗakinsa. Amma iya harshe daban, iya koyar da shi daban.

Shi ya sa takardun shaidar TEFL da ake samu a intanet bayan kallon bidiyo kawai sukan zama asarar kuɗi. Kwas ɗin CELTA na Cambridge yana ɗaukar awa 120, kuma sai ɗalibi ya koyar da mutane na gaske tsawon awa 6 ana duba aikinsa.

Kafin mai neman shaida ya biya, ya kamata ya tambaya ko akwai gwajin koyarwa. Idan babu, ya tuna araha ba ta ado.