Ɗaga tuta magana ce, fasa ma'aikata ɓarna ce

Jiya a majalisarmu nan Kazaure mun yi musu har bayan isha'i. Wani ƙanena ya dage wai duk abin da aka yi a zanga-zangar watan Agustan 2024 daidai ne, tunda yunwa ce ta fito da mutane. Na ce ban yarda ba, kuma zan maimaita a nan ko da za a zage ni.

Ni ma na goyi bayan fitowar. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma daga Roni ko Gwiwa zuwa Kano, balle kwanon gero a kasuwar Babura. Sashe na 39 da na 40 na kundin tsarin mulki sun ba ka damar ka yi magana, ka yi taro. To amma don Allah wane sashe ne ya ce ka kwashe kujera da kwamfuta?

A Kano an wawashe cibiyar fasahar zamani ta NCC ana dab da buɗe ta. 'Ya'yan wa za su koyi sana'a a ciki? Ɗan minista dai ba can zai je ba, namu ne. Nan Jigawa ɓarnar ce ta sa Gwamna Umar Namadi ya sa dokar hana fita ta awa 24. Wa ya kwana da yunwa? Mai shayi da ɗan acaɓa, masu ci sai sun fita.

Gwamnati ma ba zan raga mata ba. Matasa sun ɗaga tutar Rasha, aka kama har da telolin da suka ɗinka. Ranar 1 ga Nuwamba 2024 muka ga ƙananan yara a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, wasu suna zubewa ƙasa don galabaita. Sai da duniya ta yi caa kafin Tinubu ya ce a sake su. Ɗaga tutar Rasha wauta ce a wajena, amma wauta daban, juyin mulki daban. A Amurka tun 1989 kotun ƙoli ta ce ƙona tutar ƙasar don nuna fushi yana cikin 'yancin magana, amma ko can in ka ƙona kayan da ba naka ba za ka haɗu da hukuma.

Layin kenan, jama'a. Bakinka naka ne, kwalinka naka ne, ka ɗaga. Asibiti da makaranta da famfon unguwa kuwa na uwarka da tawa ne, kuma in ka fasa sai a yi shekaru ba a gyara ba.

Wanda bai yarda ba ya zo da hujja, ban da zagi. Allah Ya kawo mana sauƙi.